Yadda ake sassaƙa kayan aski da katakon tsohuwar ganga, da yadda ake hana ruwa cin su

Wanda ya ga gangar katako ta shekara goma cike da ruwa ba ta ɗiga ba, zai ɗauka itacenta ba ya shan ruwa. Yana sha, kuma shan ne ma yake riƙe da gangar. Babu gam babu ƙusa tsakanin fallayenta. Itacen ne yake jiƙa ya kumbura, kowane falle ya matse ɗan'uwansa a cikin zoben ƙarfe. A zubar da ruwan a bar ta a rana wata biyu, sai zobban su zame, fallayen su zube. Kayan aski kuwa akasin haka ake nema daga gare su. Ana so mariƙin reza, mariƙin buroshi, kwanon kumfa da mazauninsu su jiƙe kullum da safe, su bushe kafin azahar, amma kada su kumbura, kada su tsuke. Wannan kuwa ba banish kaɗai ke yin sa ba. Tun daga zaɓen itace ake fara shi.

A Kano akwai ƙarin wahala da mai sassaƙa a Ingila bai san ta ba. Da hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai ruwan da ke cikin busasshen katako ya koma kamar kashi 4 zuwa 5 na nauyinsa. A watan Agusta, tsakiyar damina, katakon nan dai yakan haura kashi 14. Tsakanin waɗannan biyun, kwano mai faɗin santimita 10 zai iya motsawa milimita 2 zuwa 3. Abin da ke tsaga kwano da ɓalle gam ke nan, ko da ba a taɓa tsoma shi a ruwa ba.

Itacen

Gangunan da ake samu a duniya yawanci na farin itacen da Turawa ke kira ok (oak) ne, na Amurka ko na Faransa. Ta Amurka tana cin kusan lita 200, fallayenta sun kai talatin ko sama da haka kaɗan, tsawon kowanne kusan santimita 90, kauri kusan santimita 2.5. Dokar can ta wajabta wa masu yin barasar da suke kira bourbon su zuba ta a sabuwar ganga da aka babbake cikinta, shi ya sa tsofaffin suke da yawa a kasuwa. Abu biyu ne suka sa itacen ya dace da aikinmu. Na farko, ramukan da ke cikin zuciyar farin ok a toshe suke tun daga halitta. Na biyu, ana tsaga fallen ganga ne daga tsakiyar gungume zuwa waje, kamar yadda ake yanka kankana, kuma katakon da aka tsaga haka motsinsa kusan rabin na wanda aka yanka a kwance ne.

Akwai jan ok, wanda ake yin kujeru da daɓen ɗaki da shi, kuma a ido suna kama. Ga gwajin da ba ya ƙarya: yanko guntu mai tsawon ɗan yatsa, ka tsoma kai ɗaya a ruwa, ka hura ɗaya kan da baki. In kumfa ta fito, ja ne, ramukansa a buɗe suke kamar tsinken shan lemo. Ajiye shi don wani aikin.

Dole a faɗi gaskiya a kan abin da gangar ta taɓa ɗauka. Mafi yawansu barasa ce. Abin yakan shiga itacen milimita kaɗan ta ciki, kuma za a share wannan ɓangaren duka, amma duk da haka mai saye yana da haƙƙin ya sani kafin ya biya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, ko kuma a yi masa da wani itacen. Kada a ɓoye.

Kuma ba sai da ganga ba, don a Kano ba ta da yawa. Tsohon turmin ƙirya da gindinsa ya fashe yana da itace mai tauri da nauyi wanda ya riga ya sha shekarunsa na hunturu da damina. Taɓarya da ta karye ta kusa zama mariƙin buroshi tun kafin a taɓa ta. Tsofaffin ƙyamare da firam ɗin taga na iroko ko maɗaci, irin waɗanda ake samu wajen masu kayan rusau da 'yan gwangwan, suna da kyau ƙwarai. Maɗobiya da kanya sun fi kowa kyan gani, sai dai maɗobiya tana cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 2017 saboda yawan sara, don haka a tsaya ga tsohuwa. A 'Yan Katako na Na'ibawa ana samun guntayen da suka rage daga manyan ayyuka da araha, amma yawancinsu sabon yanka ne, sai an ba su lokaci.

Abin da za a guje wa: katakon layin dogo da turken wutar lantarki, domin an jiƙa su da maganin gara mai guba, ba abin da za a kai kusa da fuska ba ne. Katakon dakon kaya mai hatimin MB an yi masa hayaƙin guba. Mai hatimin HT zafi kawai aka ba shi, sai dai yawancinsa itace ne mai laushi da ba zai jure ba. Tsohon fenti kuma yana iya ɗauke da dalma. A kankare shi da jiƙa, kada a goge shi a bushe a shaƙi ƙurar.

Yanka da busarwa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, fallen ganga kuwa da wuta ko tururi aka tanƙwara shi ya zauna a haka shekaru. Kada ka ɓata lokaci wajen miƙe shi. Yanka shi guntu-guntu, santimita 12 zuwa 15, sai ka ga kowane guntu ya kusa miƙewa da kansa. Murfin gangar da gindinta a shimfiɗe suke, su za ka ware wa kwano da mazauni. A duba mahaɗarsu da kyau kafin a sa zarto, don wani lokaci da ƙarfe aka haɗa allunan.

Kankare gawayin ciki da gizago ko kurfi, ka ci gaba har ka wuce layin nan mai duhu da ke nuna inda ruwa ya tsaya, ka iske itace mai haske. Ta waje ma a share milimita 1 zuwa 2. Abin da zai rage yawanci milimita 17 zuwa 20 ne. Wasu suna barin gawayin don ado. A jikin mazauni babu laifi in an jiƙa shi da gam, amma a mariƙi baƙi zai riƙa bari a hannu, kuma babu gam ɗin da yake kama gawayi.

Za ka ga baƙin zane a inda zoben ƙarfe ya zauna. Ba datti ba ne. Itacen ok yana da sinadarin nan mai bauri irin na bagaruwa da majema ke jima da shi, kuma in ya haɗu da baƙin ƙarfe da danshi sai ya zama baƙi kamar tawada, yadda dukawa ke yin kuloko. Wannan darasi ne ga aikin gaba ɗaya: kada baƙin ƙarfe ya shiga ko'ina. Ba ƙusa, ba sukuru, ba soson ƙarfe wajen goga. Tagulla ko ƙarfen silba marar tsatsa kawai.

Yanzu busarwa, inda mafi yawan masu koyo suke faɗuwa. Narkar da kyandir ka shafe bakin yanka biyu na kowane guntu, saboda ta nan ruwa ke fita da gudu, ya ninka ta gefe sau goma ko fiye, kuma fitar gaggawa ce ke tsaga itace. Jera su a ɗaki mai iska, da tsinke a tsakani, ba a rana ba, ba a kan siminti ba. Rubuta nauyin kowanne a jikinsa da fensir, da ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram. Auna duk bayan kwana uku. Sai nauyin ya tsaya cik mako biyu a jere sannan ka fara aiki. Fallen da ya zo da danshi yakan ɗauki wata ɗaya zuwa uku. In ka ga ƙananan ramuka da gari yana zubowa, ƙwaro na ciki. Zafin da ya kai digiri 56 har tsakiyar itacen na rabin awa yana kashe shi, amma guntun da ya sha huji da yawa a jefar kawai.

Lokacin da ya fi dacewa a haɗa kaya shi ne tsakanin damuna da hunturu, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin da itacen yake tsaka-tsaki. Wanda aka haɗa a Agusta zai tsuke a kan ƙarfensa a Janairu ya dare. Wanda aka haɗa a Janairu zai kumbura ya saki ƙarfen. In dole ne a zaɓi ɗaya, na hunturu ya fi sauƙin gyara.

Haɗa fallaye

Falle ɗaya ya isa mariƙin reza. Mariƙin buroshi sai biyu ko uku, kwano sai uku. Fuskokin da za a manna su zama a shimfiɗe sarai: manna samfefa mai lamba 80 a kan gilashi, ka goga har in ka haɗa su ka ɗaga wa haske ba ka hango komai. Jijiyar itacen duka ta kalli gefe ɗaya. Kada ka gicciye su don neman ƙarfi, domin kowanne zai ja nasa ɓangaren, gam ɗin ne zai sha wuya.

Farin gam na kafintoci ba na wannan aikin ba ne, ruwan ɗumi yana sassauta shi. A nemi gam mai haɗi biyu, irin su Araldite, kuma mai jinkirin kamawa, wanda ke ɗaukar yini guda. Mai minti biyar ɗin nan ya fi saurin gajiya da ruwa, kuma a zafin Afrilu kafin ka gama shafawa ya daskare. Auna ɓangarorin biyu daidai yadda aka rubuta a kwalin, ka gauraya minti biyu cikakku. Ƙara mai sa daskarewa ba ya ƙara ƙarfi, danƙo yake bari. Iroko da maɗobiya suna da maiƙo, a share fuskarsu da asiton minti goma kafin a shafa. A ɗaure da matsi daidai gwargwado. In aka matse har gam ɗin ya tsiyaye duka, mahaɗar ta zama fanko.

Mariƙin reza

Rezar da ake nufi ita ce mai ɓangare uku, wadda ake kwancewa a sa reza mai baki biyu. Yawancin na zamani zaren sukurunsu M5 ne, wato mai kaurin milimita 5. Kada a taɓa ɗaura wannan sukurun a cikin itace kai tsaye. Mako biyu zaren zai cinye, ruwa ya samu ƙofa.

Yanko itace mai kusurwa huɗu, milimita 18 kowane gefe, tsawo milimita 95. Samo sandar tagulla mai kaurin milimita 8, tsawo 65 zuwa 70. Kai wa masu injin ƙarfe su huda kanta da bakin huji na milimita 4.2, zurfin milimita 15, su yanka zaren M5. Ka tafi da kan rezar a gwada a gabanka. Tsawon sandar ba ɓarna ba ne: itace kaɗai ba shi da nauyi, reza marar nauyi kuwa sai an danna ta, dannawa ce ke yanka fuska.

Huda itacen tun yana mai kusurwa huɗu, kafin a sassaƙa. Ramin milimita 8 ne ko ɗan sama da haka, kuma a riƙa zaro bakin hujin duk bayan santimita ɗaya ana zubar da gari, in ba haka ba zai yi zafi ya karkace. Karce tagullar da samfefa 80, ka ja mata ɗan layi a tsaye da magagari don iska ta samu hanyar fita. Toshe ramin zaren da sabulu ko kaki kada gam ya shiga. Shafa gam a cikin ramin da jikin sandar, ka tura a hankali kana juyawa. A saman, manna wani zoben tagulla mai faɗi daidai da bakin mariƙin, ya rufe bakin yankan itacen gaba ɗaya. Wannan ɗan zoben ya fi kowane shafi amfani, domin wurin nan ne ruwa ke kwanciya bayan kowane aski.

Bayan yini guda sai sassaƙa, a injin juyi ko da wuƙa da magagari. Kauri ya tsaya milimita 14 zuwa 15, kada itacen da ya kewaye tagullar ya gaza milimita 3 a ko'ina. Mariƙi mai santsi yana da kyan hoto, amma hannu mai sabulu ba ya riƙe shi. Yi masa ɗan ƙugu, ka zaga shi da layuka huɗu ko biyar masu zurfin milimita 1, ka kashe kaifin bakinsu.

Mariƙin buroshi

Gashin ana sayen sa a ɗaure, da gindinsa na roba. Girman da aka fi samu daga milimita 20 zuwa 28 ne, kuma 24 ya fi dacewa da yawancin hannaye. A karanta abin da aka rubuta kafin a saya: da yawa daga masu araha gashin alade ne. Na roba na zamani ya wadatar, yana da laushi, yana bushewa da wuri, kuma ba ya wari da damina. Akwai na doki ma, amma a sayi wanda masana'anta ta tsabtace. Kada kowa ya yanko wutsiyar doki ya ɗaura da kansa. A zamanin yaƙin duniya na farko an samu sojoji da suka kamu da cutar antiraks daga buroshin gashin dokin da ba a tsabtace ba.

Itacen ya zama milimita 40 kowane gefe, tsawo 55 zuwa 60. Ga gashi mai 24, ramin ya zama 25 ko 26, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, zurfin milimita 14 zuwa 16. Kafin gam, a zura gashin a gwada: abin da ya fito waje ya kai milimita 50 zuwa 54. In ya fi haka zai yi laɓo-laɓo, in ya gaza zai yi tauri kamar tsintsiya. Bangon itacen da ke kewaye da ramin kada ya gaza milimita 5.

Ga inda buroshi ke mutuwa. Ramin nan gindinsa bakin yanka ne tsantsa, kuma duk ruwan da ya bi gashi can yake sauka. Saboda haka a shafe cikin ramin da gam mai haɗi biyu, bango da ƙasa, har sau biyu, a bari ya bushe sarai. A gama shafe mariƙin duka da banish ɗinsa. Gashin shi ne na ƙarshe. Gam ɗin da za a sa masa kada ya wuce abin da zai rufe ƙasan ramin da kaurin milimita 2. In ya yi yawa zai hau cikin gashin ya daskare, ya riƙa karya shi. Wanda yake so ya iya canza gashi nan gaba ya yi amfani da silikon na masu gilashi a maimakonsa.

Kwano da mazauni

Masassaƙan akushi sun daɗe da sanin cewa kwanon itace yana son kauri. Amma akushi tuwo da miya yake ɗauka, miya kuwa mai take ba shi. Kwanon aski sabulu yake ɗauka, sabulu kuma mai yake cirewa, yana cin shafi, yana kuma duhunta itacen ok. Shawarar da ta fi ita ce kada a bar sabulu ya taɓa itacen sam. Sayi ƙaramin kwanon silba mai faɗin santimita 9 zuwa 10 da ɗan leɓe a bakinsa, irin wanda ke cike a kasuwar Sabon Gari, ka sassaƙa masa gida. Ramin ya fi kwanon faɗi da milimita 3, don itacen ya samu wurin tsukewa da hunturu. Kauri ya zama milimita 10 a bango, 12 a ƙasa, daidai ko'ina, saboda wuri mai kauri da wuri siriri ba sa bushewa tare. Kada a manna kwanon da gam mai tauri. Ɗigo uku na silikon a ƙasa sun isa, ko ma a bar shi ana cirewa a wanke, wanda shi ya fi. A huda ɗan rami na milimita 5 a gindin itacen don ruwan da ya ɓuya ya fita.

In mai saye ya nace sai itace zalla, a shafe cikin da gam mai haɗi biyu har sau uku, a yi masa 'yan layuka a ƙasa don tayar da kumfa, a kuma gaya masa ba kwanon jiƙa ba ne.

Mazauni ba shi da wuya: allo mai santimita 13 da 8, kauri 2, sandar tagulla a tsaye, da marataya biyu. Buroshi ya rataya kansa a ƙasa. A sa wa allon ƙafafun roba huɗu ya tashi daga ƙasa milimita 4, kuma a shafe ƙasansa daidai yawan yadda aka shafe samansa. Allon da aka shafe fuska ɗaya kawai sai ya lanƙwashe.

Shafi

Goga da samfefa 120, 180, 240, 320, kada a tsallake lamba. Bayan 240 a shafa jiƙaƙƙen tsumma, a bari ya bushe, gashin itacen zai tashi, a kwantar da shi da 320. Duk wata kusurwa mai kaifi a zagaye ta, domin banish gudun kaifi yake yi, a nan yake fin siranta, a nan kuma yake fara ɓarewa.

Mu fara da abin da ba ya aiki. Man gyaɗa, man kaɗe da man ja ba sa bushewa. Suna sa itace ƙyalli kwana biyu, sannan su yi ɗoyi su kama ƙura. Feshin da masu kujeru ke yi da tina yana da saurin bushewa da sheƙi, amma ruwan ɗumi yana sa shi fari, kuma yana tsattsagewa. Kakin zuma shi kaɗai sabulu zai wanke shi a mako guda.

Hanyar da ta fi jurewa a nan garin mataki biyu ce. Na farko, a shanya itacen a rana minti ashirin ya yi ɗumi, a shigo da shi inuwa, a shafa gam mai haɗi biyu siriri da yatsa cikin safar roba, a murza shi cikin ramukan, a share abin da ya rage. Dalilin ɗumamawar shi ne itace mai hucewa yana zuƙar gam ciki. Wanda yake ƙara zafi kuwa iska yake fitarwa, sai shafin ya cika da ƙuraje. Bakin yanka a ba shi har sai ya daina sha. Bayan yini biyu a wanke da ruwa, a goge da 320.

Na biyu, banish na foliyuritan mai mai, wanda ake kira na jirgin ruwa in an samu. A sirka shi rabi da rabi da tafentain. Ba fetur ba, ba kananzir ba, ba tinar feshi ba. A shafa da tsumman auduga marar gashi, siriri ƙwarai, sau shida zuwa takwas. Tsakanin kowane shafi a jira awa 12 da rani, awa 24 da damina, a ɗan goga da 400. In samfefar ta fitar da gari fari, ya bushe. In ta cuccure kamar danƙo, a ƙara masa yini. Shafi mai kauri guda biyu ba ya maye gurbin sirara takwas. Samansa ne ke bushewa, cikinsa ya zauna ɗanye.

Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. A yi shafin da sassafe a rufaffen ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa, a kifa kwali a kan kayan. Bayan shafin ƙarshe a bar su mako uku kafin su ga ruwan ɗumi. Hannu zai ce sun bushe tun kwana biyu, hanci ne zai faɗi gaskiya: muddin ana jin warin banish, da saura.

Wanda ya fi son ya ji itace a hannunsa ba roba ba, yana iya amfani da man tung zalla, wani man 'ya'yan itace mai bushewa, shafi shida ko bakwai da kwana uku a tsakani, da wata guda na jira. Yana da daɗin taɓawa, gyaransa kuma da sauƙi, amma kariyarsa ba ta kai ba, sai ana sabuntawa sau biyu a shekara. Tsumman da aka shafa irin waɗannan mayukan da shi kada a dunƙule shi a jefa a kwali. Yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. A baza shi a waje ya bushe, ko a tsoma a ruwa.

Gwaji kafin a ba mai shi

Duk lokacin da kake shafi, ka riƙa shafa wani guntu na itacen nan daidai yadda kake wa kayan. Shi za a azabtar. Auna shi, nutsar da shi a ruwan sabulu mai ɗumi awa ɗaya, share, sake aunawa. Guntu mai giram 50 bai kamata ya ƙara ko giram ɗaya ba. Sannan a maimaita jiƙawa da busarwa sau goma a jere, a duba da kyau a hasken rana. Duhu a bakin yanka yana nufin gam ɗin farko bai wadata ba. Fari-fari kamar hazo a ƙarƙashin banish yana nufin an rufe danshi a ciki ko an yi gaggawa. Baƙin ɗigo a ok yana nufin ƙurar ƙarfe ta zauna a jiki, galibi daga magagari ko wurin wasa wuƙa. Siririn layi a mahaɗa yana nufin fuskokin ba su shimfiɗu ba, kuma wannan sai an raba an sake.

Masu shagon aski da wanzamai suna da buƙata ta daban, tunda kayansu na jama'a ne. Reza sabuwa ga kowane mutum, wannan ba a tattauna shi. Kan rezar a kwance shi a tsabtace shi kaɗai, shi ya sa tun farko aka yi shi mai cirewa. Mariƙin itacen kuwa a share shi da tsumma mai ɗan sifirit, kada a jiƙa shi a ruwan bilic, kada a tafasa shi, kada kuma a rufe shi a zabira yana jiƙe.

Mai amfani a gida a gaya masa ya girgije buroshi bayan aski, ya share mariƙi da tawul, ya ajiye kayan a ɗaki maimakon banɗaki, nesa da taga mai rana. Idan ruwan burtsatse ya bar farin gishiri a gindin gashi, a jiƙa gashin kaɗai minti biyar a ruwan khal kashi ɗaya cikin ruwa kashi biyar, a ɗauraye. In kayan ya faɗi banish ya ɓare, kada a jira. A daina amfani da shi, a bar shi mako guda ya bushe, a goge wurin da 320 har a wuce inda ya yi duhu, a ɗiga gam, sannan shafi uku na banish a wurin da ɗaya a jikin duka.